Akwati na Biyu a Takardar Inna Hansai

A daminar 1984 ina akawu a shagon taki da iri na Alhaji Maitama a Malumfashi, kuma ba abin da ke ɗaga mini hankali a lokacin kamar wata na'ura da ban taɓa sa ta a ido ba. Kwamfuta ce, tana can Kaduna a hannun wani kamfani. Alhaji bai saye ta ba, ina shi ina kuɗinta! Haya yake biya duk wata, shi da wasu 'yan kasuwa da yawa, kowa da ranarsa. Mu tamu Juma'ar farko ce ta kowane wata. Ran Alhamis direbanmu Sada ya kai takardun manoma, na'ura ta duba, ta fitar da jerin sunaye, a ɗora wa kowa takinsa daga babban sito bisa wannan jeri. Wanda sunansa bai fito ba, sai wata mai zuwa.

Alhaji yana ji da wannan tsari. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa kantocinmu wayam, ya ce, "Ka gani? Ba ma tara takarda gara ta ci. Komai namu yana Kaduna." Gaskiya ne, komai yana Kaduna, har tsofaffin rajistocin da wanda na gada ya rubuta. Mu ko kwafi ba mu riƙe ba.

Takarda ɗaya ce ta yi ta dawo mini, ta wata dattijuwa a Gozaki, Inna Hansai. Gonar ta ɗanta ce na fari, wanda ya rasu a haɗarin mota bayan kakar bara. Matarsa ta koma gidan iyayenta can wajen Gusau, ta bar wa Inna jikoki huɗu. Da na je cika takardar na tambayi sunan mai gona, sai ta kau da kai ta ce, "Ta yaron ce." Ni ma 'yar ƙasar nan ce, ko da yake a makarantar mishan na yi karatu, na san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Na bar akwati na biyu, wurin sunan mai gona, babu komai. Na'ura ta dawo da ita. Wata na gaba na sa Ɗan'asabe, sunan da duk Gozaki ke kiransa da shi. Ta sake dawowa, wai sunan bai yi daidai da na wannan lambar gona ba. Ashe marigayin da sunansa na yanka ya yi rajista.

Saura Juma'a ɗaya. Idan ta wuce, masara ta riga ta fitar da kai, taki ba zai ƙara mata komai ba.

Na tafi gidan waya na kira Kaduna. Wani mai sanyin murya ya ɗauka, na ce ya duba mini sunan da ke kan lambar. Ya ce ba a buɗa na'ura kamar akwatin kaya, neman suna aiki ne daban, sai an ba shi ranarsa.

"To in sa sunan uwar?"

"Sabuwar manomiya ke nan, Malama. Sababbi sai baɗi."

Na ajiye wayar da ƙarfi har mai gidan waya ya harare ni. Da na koma shago Alhaji ya ce, "Susana, ki haƙura, manomi ɗaya ne cikin ɗari bakwai." Na ce, "Alhaji, hayar ɗari bakwai kake biya, ba ɗari shida da casa'in da tara ba. Wallahi sai ta fito." Ya yi dariya ya ce Sada ya kai ni a babur.

Ran Laraba da hantsi muka isa Gozaki. Na fara da dattawan ƙofar masallaci. Sunan uban kowa ya sani, Ummaru. Na ɗan kuwa, wani ya ce Yunusa, wani ya rantse Sulemanu ne, na uku ya ce ai liman ne ya raɗa, liman kuwa ya shekara goma a ƙasa. Kai! Suka kama musu a kaina kamar ni na haife shi. Canki-canki ba zai yi mini ba, dama ɗaya ta rage.

Na sami Inna Hansai a gona tana noma na biyu. Masarar ta kai gwiwa, amma ganyen ya fara yin ruwan ɗorawa. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata komai ban rage ba.

Ta dogara da fartanya ta ce, "'Yar nan, ita wannan abar, ba ta da uwa ne?"

"Ba ta da ita, Inna."

"Ba a yi mata bayani?"

"Na gwada. Suna kawai take so."

Ta dubi ganyen masarar. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na ji kamar in naɗe takardar in koma. Amma na tuna taki buhu shida ne, kuma bakin yara huɗu ne, sai na tsaya. Na ce ko in jero sunaye, in na zo kan nasa ta ɗaga mini hannu.

"A'a," in ji ta. "Ba za a yi ta lalube a kan sunansa ba." Ta dubi Sada. "Kai, matsa can."

Sada ya ja babur ɗinsa har gindin ɗorawa. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta share bakinta da gefen mayafi.

"Shitu," ta ce.

Na rubuta. Na ɗago zan yi godiya, na ga ba ni take kallo ba.

"Shekara talatin da huɗu," ta ce, "ban taɓa kiransa ya ji ba. Shitu." Wannan karon ba don takarda ta faɗa ba. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Ran Alhamis ban yarda na ba Sada takardar shi kaɗai ba, na shiga mota muka tafi Kaduna tare. Na'urar ma ba su bari na gan ta ba, ta wata 'yar taga na miƙa. Washegari da la'asar jerin ya fito, doguwar takarda mai huji-huji a gefe. Na bi da yatsa har na same shi: Shitu Ummaru, buhu shida.

Ran Asabar muka sauke takin a ƙofar gidanta. Ba ta ƙirga buhunan ba. Takardar da ke hannuna ta kalla, ta ce, "Yana ciki?"

Na ce yana ciki.

"Nuna mini wurin."

Na ɗora yatsanta a kan layin. Jerin na Alhaji ne, na san zai yi faɗa, amma na ninke shi na yage mata wannan layin. Ta ƙulle shi a bakin zanenta, sannan ta ce wa Sada ya shigar da buhunan zaure kafin hadarin nan ya sauko.