Farin Rufin Malama Selina

"Ba zan wanke ba, ranka ya daɗe."

Malam Sallau, hedimastan makarantar, ya ajiye maficinsa a kan tebur. Shekara ashirin da biyu yana koyarwa, bai taɓa jin malama ta amsa umarni da irin wannan harshe ba.

"Malama Selina, ba ni na ce ba. Malam Rufa'i mai duba makarantu ne ya ce. Jibi babban baƙo zai zo daga Bauci buɗe sababbin azuzuwa. Rufin gwamnati ja ne. Naki kaɗai ya yi fari fat a tsakiya kamar haƙorin da ya rage a bakin tsohuwa."

"Haƙorin da ya rage ai shi ke tauna, Malam."

Ga yadda abin ya faro. Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, kuɗin man fetur na ambaliya, aka zuba azuzuwa shida a unguwar Bolari ta Gombe cikin wata uku. Bulo, kwano, ba silin, sannan aka malala wa kwanon jan fenti mai duhu don ya yi kyau daga titi. Aka ba Selina aji ɗaya, yara tamanin da huɗu. Da bazara ta kama, ƙarfe sha ɗaya na safe ajin ya koma tanda. Kwano na ƙas-ƙas a sama, alli na jiƙewa a hannunta, yara na zubewa a kan juna. A mako guda uku suka suma. Ranar Laraba Joda, 'yar Barira mai ƙosai a bakin ƙofa, haɓo ya ɓalle mata tana tsakiyar karanta baƙaƙe, jini ya ɓata allonta.

Sau huɗu Selina tana rubuta wa ofis takardar koke a kan zafin. Abin da ya dawo daga ofis shi ne buhu biyu na farar ƙasa, da umarnin a shafe duwatsun bakin hanya da gindin itatuwa, kamar yadda aka saba in babba zai zo.

Ta tsaya a kan buhunan nan tana huci. Dutse za a yi wa kwalliya! Sai ta tuna wani darasi a kwalejin horon malamai, ranar da aka shanya gwangwani biyu na ruwa a rana, ɗaya fari ɗaya baƙi, aka tsoma ma'aunin zafi. Ita ta zo ta ɗaya a jarrabawar wannan darasi, kuma ba ta taɓa bari kowa ya manta ba. Ranar Asabar ta dama farar ƙasar da gishiri da ƙaro don ta kama, ta ari tsanin mijin Barira, ta ɗaure zane a kan wandon wasanni, ta hau rufi da tsintsiya. Makanikan garejin da ke kusa da makarantar suka bar aiki suna kallo.

"Kai jama'a, mace a kan kwano! Malama, miji kike hangowa?"

"In na hango mai hankali zan sauko," ta ce, ba ta ko waiwaya ba. "Har yanzu ku kaɗai nake gani."

Tafin hannunta ya sale, gwiwoyinta suka yi bororo. Amma ranar Litinin ma'aunin zafin da ta rataye a bango ya sauka da digiri shida, kuma har aka tashi ba yaron da ya kwanta.

Malam Sallau ya jawo aljihun tebur, ya fito da wata takarda, ya shafe ta da hannu.

"Kin san wannan?"

Ta sani. Takardar tafiyarta ƙaro ilimi ce, shekara uku a babbar kwaleji. Mutum biyu kacal aka zaɓa a yankin. Sa hannun Malam Rufa'i kawai ya rage. Babanta, wanda ya yi dakon auduga a Gombe har bayansa ya lanƙwashe, tuni ya sanar da coci gaba ɗaya, shi da ko a gida "Malama" yake kiranta.

"'Yata," muryar Malam Sallau ta sauka, "farar ƙasa ce fa. Ruwan farko na damina zai ɗauraye ta. Za ki sayar da shekara uku a kan abin da ba zai kai wata biyu ba?"

"Wata biyun nan su ne bazara, Malam."

"Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

"To ya dake ni. Ni babba ce."

Washegari da azahar motar Malam Rufa'i ta shigo, leburori biyu da duro uku na ruwa a baya. Ruwa, a Gombe, a watan Maris, lokacin da matan Bolari ke kaiwa rana tsaka a layin famfo saboda tulu ɗaya!

"Ke ce 'yar sayans ɗin?" Ya dube ta sama da ƙasa.

"Ni ce Malama Selina Noah, ranka ya daɗe. Kafin a yi magana, ina roƙon ka shiga aji biyu, ka fito ka shiga nawa. Gani ya kori ji."

Ya shiga, don mutane na kallo. A aji biyu bai yi minti ɗaya ba ya cire hula yana fifita. A ajinta ya daɗe. Ta ga yadda kafaɗunsa suka saki, ta ga ya ɗaga kai ya dubi kwano. Ranta ya fara sanyi.

Ya matso, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Akwai sanyi. Ban musa ba. To gobe in baƙo ya shigo nan ya ji, ya shiga can ya ji, ya tambaya wa ya amince da jan fenti a makarantu talatin da ɗaya, sunan wa za a kira? Ni na zaɓi launin nan da hannuna. Ki hau da kanki ki wanke, ki rubuta cewa kuskure kika yi. Yau ɗin nan in sa miki hannu."

"Wato ka san gaskiya."

"Na san aiki, yarinya. Ke karatu kika sani."

Da a ce jahili ne da ta yi masa uzuri. Ta ɗaga murya har makanikan gareji suka ji.

"Ruwan duro uku ka samo don a mayar wa yara da wuta a ka, amma ruwan sha ko randa ɗaya ba ka taɓa aiko musu ba! Ba zan wanke ba, ba zan rubuta ba. Tafin hannu ba ya kare rana, ranka ya daɗe, jan fenti ma haka."

Ya juya ga leburori. "Ku hau."

Sai dai babu abin hawa. Barira ta riga ta kwantar da tsanin a ƙasa ta zauna a kai, ta ɗora tiren ƙosanta a cinya. Mata huɗu masu talla suka zo suka zauna kusa da ita.

"Alhaji, tsanin mijina ne," in ji Barira, "kuma yau ya gaji. In ruwan ya yi muku nauyi, ga tuluna nan."

Malam Rufa'i ya dubi matan, ya dubi taron da ya fara haɗuwa a bakin ƙofa. Ba ya son hayaniya ana gobe biki. Ya karɓi takardar karatunta daga hannun Malam Sallau, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu, ya shiga mota.

Aka yi biki. Aka kafa rumfa ta yadda baƙo zai ba ajinta baya, aka zaga da shi azuzuwa biyar, aka ce na shida ana gyara. Duwatsun hanya sun sha farar ƙasa sabuwa, sun yi kyau ƙwarai.

Bayan mako uku takardu biyu suka iso. Ta farko ta ce an ba wani gurbinta na karatu. Ta biyu ta ce daga sabon zango an mayar da ita wani ƙauye can gaba da Kwadon, inda mota ke shiga ranar kasuwa kawai. Babanta ya saurara har ta gama karanta masa, ya tashi ya fita. Wannan fitar ta fi komai ci mata rai.

Ta ci gaba da shiga ajinta kullum, kai a sama. Joda ta iya rubuta sunanta. Ba wanda ya sake suma. Ruwan farko ya sauka a tsakiyar watan Mayu, Selina na tsaye a baranda tana kallon farin ruwa na zuba daga bakin kwano kamar nono, ja na sake fitowa.

Kwana hamsin da takwas rufin ya yi yana fari. A kansu ta rasa karatun shekara uku, ta rasa Gombe, kuma babanta bai sake kiranta "Malama" ba.