Uban Aro

Dijatu ta sake maimaita wa tsoho Albarka maganar a barandar kotun Filingué, tana yi tana waige kamar mai sayar da kayan sata. Idan alƙali ya tambaya, ya ce a Tabla aka haife ta, a ɗakin marigayiya matarsa, shekarar da fara ta cinye hatsi. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ci gaba da taunar goronsa. Shi abin bai ɗaga masa hankali ba.

Gaskiyar ita ce Dijatu mutuniyar Mali ce. A yankin Menaka aka haife ta, a ƙasar ta yi karatun ungozoma, yaƙi ne ya koro su zuwa sansanin Abala ita da mahaifinta Ashiru, kuma a Abala aka binne shi. Daga nan wata ƙungiyar agaji ta ɗauke ta aiki, ta ajiye ta a wani ƙaramin gidan likita kusa da Tabla. Shekaru sun tura tana nan. Yanzu ƙungiyar ta ce kuɗinta sun ƙare, ƙarshen damina za ta naɗe tabarmarta.

Abin haushin shi ne ba a rasa buƙatarta ba. Kullum rediyo na shelar gwamnati na neman ungozomomi, musamman na karkara. 'Yan matan da ake turowa daga Yamai ba sa daɗewa. Da sun sami lambar ma'aikaci sai miji ko ciwon baya ya mayar da su birni. Majo Kailu, shugaban gidan likitan, ya sha lissafa mata matakan: kwantaragi, sannan konkur, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati, sannan lamba, wata rana ma a ba ta ɗakin haihuwa na gunduma ta riƙe. Matakai masu daɗin ji a bakin Majo. Sai dai kafin dukkansu sai da takardar ɗan ƙasa, kuma buƙatar da ta aika Yamai tun tuni ta shiga wani ofis ba ta ƙara fitowa ba.

Majon ne ya nuna mata gajeriyar hanya. A karkara mutane da yawa ba su da takardar haihuwa, kotu kan yi musu ita idan dattijo ya shaida. Ta nemi uban aro a nan yankin Kurfai, in ji shi, ba ita ce farau ba. Ta yi kwanaki tana ƙin maganar. Ashiru ne ya sayar da awakinsa ya kai ta lakwal, makarantar boko, lokacin da dangi ke masa dariya, kuma sunansa kaɗai ya rage mata daga can. Amma kuma ba ta da wurin komawa, ba ta da wata sana'a.

Albarka bai yi gardama ba da ta je masa. Manomi ne mai bin addinin kakanni, ba ya salla, kuma surukansa duka a hannun Dijatu suka haihu. Ya yi lissafinsa a fili: a kotu da littafin malamai ake rantsuwa, shi kuwa tsakaninsa da littafin nan sai gaisuwa, don haka ba abin da zai kama shi. Dijatu ta yi istigfari a zuci, ta karɓi tayin.

Da aka kira su, alƙalin yaro ne mai fara'a, baƙo a yankin, da wani dattijo a gefensa mai ba shi shawara kan al'ada. Ita aka fara tambaya. Sunanta, aikinta, inda aka haife ta. Ta amsa ba gargada.

"Sunan mahaifi?"

"Albarka," in ji ta.

Ta zaci muryarta za ta yi rawa, ko harshenta ya ƙi. Ko kaɗan. Kalmar ta fita sumul, kamar tun tana goye take faɗinta, kuma wannan sauƙin ya fi komai ƙona mata rai. Magatakarda ya rubuta.

Aka juya kan shaida. Magatakarda ya tashi zai ɗauko Alƙur'ani, sai dattijon al'ada ya sunkuya ya yi wa alƙali raɗa. Ya san Albarka tun suna samari. Ya ce mutumin nan ba da wannan yake rantsuwa ba, in ana son gaskiyarsa a sa shi ya dafa ƙasa ya kira kakanninsa. Albarka ya daina tauna. Ya yi ƙoƙarin zillewa, ya ce ai siminti ne a ɗakin, ba ƙasa ba. Alƙali ya yi dariya, ya sa aka ɗebo ƙasa daga tsakar gida a murfin kwano aka ajiye a gabansa.

Dijatu ta zuba wa hannun tsohon ido. Hannu ne da fartanya ta cinye, ya miƙe a hankali, ya tsaya a kan murfin bai sauka ba. Ta roƙe shi da ido, roƙon da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Bai dube ta ba.

"Ɗiyata ta, ranka shi daɗe," ya ce. "Jikokina duka ita ta yanke musu cibiya. Kowa ya taɓa ta, ni ya taɓa."

"Ba wannan aka tambaye ka ba, baba. A ina aka haife ta?"

Tsohon ya janye hannunsa ya cusa a aljihu.

"Tata cibiyar ba nan anka bizne ta ba. Ƙasar ga ta sani. In na yi mata ƙarya, mi zan shibka bana?"

Alƙalin bai yi fushi ba, ya ma nuna kirki, irin kirkin da ya fi zagi ciwo. Ya ce abin da suka so yi laifi ne mai kai mutum gidan kaso, amma zai kau da kai saboda furfurar tsoho da kuma aikinta. Ya ƙara da nasiha: ƙasa na matuƙar buƙatar irinta, kada ta karaya, ta bi hanyar da doka ta shimfiɗa, ta aika buƙata Yamai. Dijatu ta yi godiya, don abin da ake yi ke nan.

A baranda Albarka ya tsuguna nesa da ita kaɗan. Ya fara cewa in gero ya nuna zai aiko mata da dami, kuma ɗaki na nan a gidansa ko aikin ya ƙare. Ta so ta tsane shi, abin ya gagara. Tsohon da ake wa kallon bai san Allah ba ya ji tsoron yi wa kakanninsa ƙarya, ita kuwa mai salla biyar ta ajiye ubanta ba tare da an matsa mata ba.

Wayarta ta yi ƙara. Majo Kailu ne, yana tambaya ko an dace. Da ya ji amsa ya yi tsaki na jaje, sannan ya ce ta yi ƙoƙari ta sami motar azahar, mata biyu na naƙuda kuma sabuwar ungozomar da aka turo ta tafi Yamai biki.

Tana gyara mayafi za ta tashi, magatakarda ya leƙo da alƙalami a hannu. Ya ce dole ya rufe shari'ar kafin a tashi, kuma ba zai bar sunan ƙarya a ciki ba.

"Malama, Dijatu wa zan sa?"

Ta buɗe baki. Sunan na nan a kan harshenta, ta san shi kamar yadda ta san hannunta, amma kunya ta hana shi fita a wurin da ta musanta shi ɗazu. Magatakarda ya jira, ya dubi agogo.

"Sa Dijatu kawai," ta ce, ta sauka ta nufi tasha.