Tef ɗin da Mis Earline Ta Sato

"Ka wanke abin nan kuwa?" in ji Mis Earline daga kan gado. "Tun daga nan nake jin ƙarnin barewa."

"Sau biyu na wanke shi," Leland ya amsa daga kicin. Sau ɗaya ya wanke.

Na'urar busar da nama ce, wadda yake yin kilishin barewa da ita duk kaka. Yau abin da ya ɗora a ciki naɗin tef ne mai faɗin faranti, baƙin zare a kan ƙarfe. Tsohuwar ta ce tef irin na shekarun saba'in, idan ya daɗe a ajiye, danƙon jikinsa yakan sha raɓa ya yi yauƙi. In aka sa shi a inji haka nan, sautin zai goge ya manne a ƙarfe, shi ke nan. Dole sai an gasa shi tukuna.

"Zafi digiri ɗari da talatin," ta ce. "Awa takwas. Ka ƙara ko ɗigo, in mutu in dawo in same ka."

"Mis Earline, shekara talatin ina gyaran murhun ɗumama gidaje."

"Na sani. Nawa ma kai ka gyara. Shi ya sa nake kwana da safa biyu."

Leland Purvis yana da shekara hamsin da uku, da tumbi, da ciwon baya, da mata wadda ta tafi Atlanta ganin 'yar'uwarta shekara shida da suka wuce, har yau tana ganin ta. Bango ɗaya ne ya raba ɓangarensa da na Mis Earline a gidan nan na gabashin Indianapolis. Da likita ya ce a mayar da ita gida, kwanakin da suka rage ba su kai a ƙirga da mako ba, sai ta buga bangon da sandarta. Ya zo, ta nuna masa saman kabad.

Kwali ne murabba'i, fari da ya koma ruwan ƙasa. A gefensa an rubuta da kyakkyawan hannu: Tibbet 412, Wendell Tolliver, waƙa huɗu.

Labarin ya riga ya sha jin sa a baranda, amma yanzu ta sake ba shi tun daga tushe, tana tsayawa tana jan iska ta bututun da ke hancinta. Tsoho Tibbet mai kantin takalma ne da ya fara buga fayafayan mawaƙan coci a bayan kantinsa, da tambari rawaya. Can a New York kuma akwai Orvane, babban kamfani mai cikin da ba ya cika. Duk ƙaramin kamfanin da ya ɗan yi motsi sai Orvane ya saye shi, ya bar masa sunansa da launin tambarinsa, ya kwashe tef-tef ɗinsa zuwa rumbun ƙasa da ke nan garin. Ja na masu kiɗan ƙauye ne, shuɗi na masu busa, kore na kiɗan rawar Polawa, mutanen Poland. Goma sha ɗaya ya haɗiye. Shekara ashirin da biyu Mis Earline na riƙe da makullin wannan rumbu.

"Ban taɓa ɓatar da tef ko ɗaya ba," ta ce. "Ka je ka tambaya."

"Wa zan tambaya?"

"Duk sun mutu. Shi ya sa na ce ka je."

Wendell ƙanenta ne, ita ta goya shi. A saba'in da huɗu ya yi wa Tibbet waƙa huɗu. Kafin a buga faifan Orvane ya sayi kamfanin Tibbet, wani mai kwat ya saurari rabin waƙa ɗaya ya ce a ajiye tukuna. Bayan shekara uku babbar mota ta bi ta kan Wendell a hanyar Kokomo. Daga baya wasu masu sayar da giya suka sayi Orvane ɗin kansa, suka aiko da takarda cewa duk abin da ke da tambari rawaya a zubar, ana buƙatar wuri. Ita da hannunta ta tura kurar tef-tef ɗin zuwa bola, kwana uku. A rana ta uku ta zo aiki da kwat ɗin sanyi, a tsakiyar watan Yuli, ta fita da kwali ɗaya a hammata.

"Mai gadi ya ce, 'Mis Earline, ba kya jin zafi?' Na ce, 'Canjin shekaru ne, ɗan nan.' Bai ƙara kallona ba."

"Shekara kusan talatin, ba ki taɓa sa shi kin ji ba?"

"Ba ni da inji."

"Da kin so da kin samu."

Ta daɗe tana kallon silin. "Muryarsa ta ɓace mini, Purvis. Fuskar tana nan, muryar ce babu. Tun da daɗewa. Na ce in dai yana saman kabad, ai ban rasa ta ba."

Injin a ɗakin ƙasa na cocinsu ya samo shi, bayan kujerun da suka karye. Ya hau da shi matakala goma sha huɗu yana kiran sunan Allah a kowace, ba don ibada ba. Ya goge ƙarafan da auduga da sifirit kamar yadda ta umarta. Tef ya gasu ranar Asabar, ya kwana yana hucewa. Ranar Lahadi da rana, nas Yolanda, wadda ke zuwa jinyarta kullum, ta ɗaga mata kai da filo uku, ta taje mata gashi don ita ta ce a taje.

"Ta ƙasan wannan, ba ta sama ba," in ji Mis Earline, tana kallon Leland yana kokawa da zaren tef a injin. "Yatsu ne da kai ko ayaba? Yolanda, dube shi."

"Yana ƙoƙari, Mama."

"Haka matarsa ta ce."

Ya zura zaren ya ɗaura a ɗaya naɗin. Ya danna. Naɗin biyu suka fara juyawa a hankali, lasifika ta yi shuuu kamar ruwan sama a nesa. Mis Earline ta rufe ido. Wani namiji ya yi gyaran murya, ya ƙirga zuwa uku da wani harshe.

Sai kiɗa ya fashe. Kayan kiɗan nan mai zugazugi da ake rungumewa a ƙirji, da ganga, da wani ƙaton ƙaho yana bum-bum a ƙasa, ga maza suna ihun murna kamar an ɗaura auren ɗiyar mai unguwa.

Ba wanda ya motsa. Leland, da yake Allah bai ba shi baiwar yin shiru ba, ya ce, "Wendell ya iya wannan ma?"

Yolanda ta harare shi.

"Kazimir Dudek da yaransa," in ji Mis Earline, idonta har yanzu a rufe. "Daga Cleveland. Koren tambari." Ta numfasa. "Ɗari huɗu da sha biyu."

Leland ya kai hannu zai kashe.

"Bar shi. Ba a tsayar da tef a tsakiya. Wannan ma ƙanen wata ne."

Suka zauna suka sha kiɗan biki minti ashirin da shida. A cikin waƙa ta uku ta fara magana, ba da su ba sosai. Kowane ƙaramin kamfani da nasa lambobin ya zo, kowa yana da nasa 412. A tamanin da ɗaya bututun ruwa ya fashe a rumbun, kwalaye suka jiƙe. Suka fitar da naɗin ɗaruruwa suka jera a kan dogon tebur, suka kawo sababbin kwalaye, ita take rubutawa tana sakawa.

"Karanta mini gefen kwalin nan, Purvis. Rubutun wa ne?"

Ya juya kwalin ya duba.

"Nawa ne. Ba wanda ya kai ni iya rubutu a wurin." Ta yi wani abu mai kama da dariya, ya zama tari. Yolanda ta tallafe ta har ya lafa. "Shekara talatin ina gaisar da ɗan Polawa duk safiya."

Zaren ya ƙare, bakinsa ya riƙa dukan ƙarfe, tas, tas, tas. Leland ya kashe. Yana neman abin da zai faɗa wanda ba wauta ba, sai wata tambaya ta faɗo masa.

"Koren fa? Shi ma an zubar?"

Ta buɗe ido. "A'a. Kore ba a taɓa shi ba. Polawa ba sa daina aure." Ta ja iska ta bututun. "Da aka rufe rumbun nan, an kai su wani tsohon ramin haƙar dutse a Pennsylvania. Ƙarƙashin ƙasa, inda babu raɓa."

"To ke nan Wendell yana cikin kwalin Dudek."

"Idan ban sake yin wata wautar ba."

Ranar Litinin ya zauna a kicin ɗinta da wayar bango da biro. Orvane ba sunansa Orvane ba kuma. Masu giya sun sayar wa wasu 'yan ƙetaren teku, su kuma suka haɗe da wasu, sunan ya koma haruffa uku. Yarinyar farko da ta ɗauki waya ta tambaye shi ko Tibbet sabon mawaƙi ne. Ta haɗa shi da wani a Los Angeles, shi kuma ya ce sashen tsofaffin kaya ya koma Nashville, Nashville suka ce mai kula da wannan ta tafi haihuwa. Tsakanin kowane biyu sai a sa masa kiɗan jira. Leland, wanda ko kamfanin wuta bai taɓa iya yi wa gardama ba, ya ji kansa yana cewa, "'Yar nan, ba zan ajiye ba. Ba ni da aiki, ba ni da mata. Zan iya kai wa Kirsimeti a kan layin nan."

Ranar Talata ta daina cin abinci. Da ya leƙa ta ce, "Sun ce me?"

"Suna dubawa."

"Ƙarya ba ta yi maka kyau. Kunnuwanka ke motsi."

Ranar Laraba ba ta ce komai ba. Yolanda na jiƙa mata leɓe da soso. A ranar ne wata dattijuwa a sashen lauyoyi, wadda ta ce ita ma saura mata wata biyu ta bar aiki, ta rage murya ta ba shi lambar ramin kai tsaye. Ta ce bai san ta ba, ita ma ba ta san shi ba.

Alhamis da hantsi ya kira. Wani mai suna Gus ya ɗauka, murya kamar an ja buhu a kan tsakuwa. Leland ya yi bayani, a karo na goma sha tara.

"Kore 412," in ji Gus. "Yana da nisa, sai na hau ƙaramar mota. Ka iya jira?"

"Na ƙware."

A nan ba kiɗan jira. Gus ya ajiye wayar a kan tebur kawai, Leland na jin ƙugin fanka daga cikin dutse. Ta taga ya ga mai kai wasiƙu yana ratsa ganyen da ya zube, ya ga karen maƙwabcinsu Henderson ya bi shi zuwa shinge ya dawo. Minti ashirin. Ya ji motsi a ɗakin Mis Earline, ya ji famfo, bai tashi ba don igiyar wayar ba ta kai ƙofa.

"Ga shi a hannuna," in ji Gus. "Kazimir Dudek. Amma ka sani, ba zan iya sa shi a inji ba sai da takarda daga New York. Mako shida, in sun so ka."

"Buɗe kawai. Duba jikin ƙarfen naɗin. Akwai rubutu?"

Ƙarar kwali. Numfashi.

"Akwai, da fensir. W. Tolliver. Afrilu, saba'in da huɗu. An ja layi a ƙasa an sa, 'ta uku ta fi.'"

"Kar ka ajiye," in ji Leland. Ya saki wayar tana lilo a bango, ya nufi ɗakin da saurin da bayansa bai yarda da shi ba.

Yolanda na tsaye tana naɗe bututun iska a hannunta. Ta riga ta gyara zanen gadon, ta cire filo biyu.

"Minti goma ke nan," ta ce. "Na ji kana jira. Ban so in katse ka ba."

Ya tsaya a bakin gadon. Fuskar ta yi ƙanƙanta, bakin a ɗan buɗe kamar za ta gyara masa wani kuskure. Ya ji ya kamata ya cire hula, sai ya tuna ba ya sanye da ita.

"An same shi, Mis Earline," ya ce. "Ba ki ɓatar ba. Wuri kawai kika canza masa."

Yolanda ta juya ta fuskanci taga.

Da ya koma kicin wayar ta daina lilo. Ya ɗauka.

"Kana nan?" in ji Gus. "To me zan yi da shi?"

"Wadda ke nema ta rasu."

"Yaushe?"

"Kana hanya."

Fankar na ta ƙugi.

"Ka gyara sunan da ke gefen kwalin," in ji Leland.

"Ba a yarda mu taɓa rubutun kwali ba. Sai da takarda." Ƙarar buɗe aljihun tebur. "Fensir gare ni dai. Faɗi a hankali, hannuna ba kyau."

Leland ya jingina goshinsa da bango ya faɗi sunan, harafi bayan harafi. Daga can ƙarƙashin dutse, nisan jiha biyu, yana jin bakin fensir yana tafiya a kan kwali.