Jinin Mai Gatari

Dogo na tsugune a mayanka da hantsi yana fiɗar bijimi na uku, ƙafarsa ta zame a kan jiƙaƙƙen siminti, wuƙar ta shige cinyarsa. Bai ko yi ihu ba, zama ya yi daɓas yana kallon ƙafar kamar ta aro. Mahauta sun san jini fiye da yadda suka san fuskokin 'ya'yansu, don haka babu wanda ya tsaya tambaya. Jinin da ke tsiyaya daban, wanda ke tsartuwa daban, na Dogo kuwa tsartuwa yake yi. Aka ɗaure cinyar tamau da igiyar da ake ɗaure ƙafar shanu, aka cusa shi a motar kai nama, mutum takwas suka ɗare baya da kayan aikinsu a jiki.

Cikin takwas ɗin har da Mai Gatari, uban matar Dogo. Shekara talatin da 'yan kai yana mayankar nan, shi ke kayar da sa, shi ke yankawa, shi ke sara ƙashi. Ba da niyya ya hau motar ba. Hannunsa ne ke riƙe da ƙullin igiyar, in ya saki yaron ya tafi, sai motar ta tashi da shi.

A ƙofar asibiti aka yi abin dariya, ba wanda ya yi dariyar. Masu gadi suka ga ƙarti takwas sun diro jina-jina, sai aka rugo da kekunan marasa lafiya har huɗu. Gajere, ɗaya daga cikinsu, wanda bakinsa ba ya mutuwa ko a wajen makoki, ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bar mu, na shanu ne. Ga mai na gaske can a kwance."

Aka shige da Dogo, aka bar sauran a kan benci. Sai a lokacin warin maganin goge ƙasa ya daki hancin Mai Gatari.

Rabonsa da taka asibitin nan shekara ashirin da huɗu. Ko titinsa ba ya bi, gara ya zagaya ta bayan tasha ya ƙara tafiyar rabin awa. Mutane sun ɗauka baƙin ciki ne, tunda a nan matarsa ta rasu wajen haihuwar 'yarsu tilo, har tausayinsa suke ji. Tausayin nan kuwa ya fi komai cin ransa, domin shi kaɗai ya san abin da ya faru.

A ranar, bayan ta haihu jini ya ƙi tsayawa. Aka ce a nemo mai bayarwa, ya ce ga shi. Wani ma'aikaci ya kai shi wani ɗan ɗaki, ya kwantar da shi, ya ɗaure masa damtse da roba. Mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya ɓata komai. Ya ɓoye allurar a bayansa, ya sa tafin hannu ya juya fuskar Mai Gatari wajen bango a hankali, ya shiga shafa gwiwar hannunsa da yatsu biyu yana laluben jijiya, yana ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. To haka mahauci nagari ke yi wa sa. Ba a nuna wa dabba wuƙa, a juya mata fuska, a shafa wuya da yatsu biyu a gano wurin, ana lallashinta da murya. Mai Gatari ya yi wa dubbai haka, kuma bai taɓa ganin ko ɗaya ya tashi ba. Kafin kansa ya yi tunani jikinsa ya riga ya miƙe. Ya ce zai kama ruwa.

Hanyar fita ta bi ta ƙofar ɗakin da matarsa take. Ta hango shi, leɓenta ya yi fari, ta ce, "Kar ka daɗe." Ya fice ya zauna bayan rumfar wani mai faci, yana cewa yanzu zan koma, yanzu zan koma, har inuwa ta juya. Da ya koma ya tarar an rufe ta da zane. Uwarta ta tambaye shi ina ya shiga, ya ce an gwada nasa bai yi ba, shi ne ya bazama gari neman wani. Ƙarya ce ta minti ɗaya, amma ta girma tare da yarinyar, ta yi haƙora, har aka aurar da su tare.

Tun daga nan muryar ba ta rabu da shi ba. Ba fatalwa yake gani ba, shi ba mai irin wannan zancen ba ne. Sai dai duk sanda ya sunkuya zai sa takalmi a bakin ƙofa, yakan ji an ce "Kar ka daɗe" daga cikin ɗaki, ba faɗa ba zargi, yadda mace ke gaya wa mijin da zai je kanti ya dawo. Rashin zargin ne ya fi ciwo. Da zaginsa take yi, da ya samu abin mayarwa.

'Yar ta iso a guje da goyo a baya, takalmanta kowanne da ƙafar wani. Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa gare ta. Ta kama hannunsa ta ce, "Baba, yana da rai?" Ya ce yana da rai. Bai iya haɗa ido da ita ba.

Can sai wata siririyar ma'aikaciya mai tabarau ta fito daga ɗakin gwaji, mahauta suka laƙaba mata Malama nan take. Ta ce an ɗinke jijiyar, amma jini ya zuba da yawa. Irin jinin Dogo ba shi da yawa a mutane, kuma ba ya karɓar kowanne sai irin nasa. Leda ɗaya ce da su a ajiye, ga ta can tana shiga, ba za ta isa ba. An buga waya wasu asibitocin, ba a dace ba tukuna.

"To ga mu," in ji Gajere. "Ki zaɓi mai ƙiba."

Aka jera su ana huda musu yatsa. Gajere da ke murɗe wuyan bijimi shi kaɗai, sai da ya runtse ido yana kiran uwarsa. Malama na ɗiga jinin kowa a kan farin faranti, ta ɗiga magani, ta juya, ta girgiza kai. Mutum bakwai, ba ko ɗaya. Aka gwada Uwata, ita ma bai yi ba, kuma ko ya yi mai shayarwa ce.

"Saura dattijon can," Malama ta ce.

"Na Baba ba ya yi," Uwata ta yi saurin cewa, tana kare shi kamar yadda ta saba. "An taɓa gwadawa lokacin Innata, bai yi ba. Kar a fama masa ciwo."

"Kowa da irin nasa, 'yar'uwa. Kawo yatsa, Baba."

Ya miƙa. Ya yi roƙo a ransa, roƙon da ko shi ya ji kunyarsa: Allah ya sa kar ya yi. Malama ta juya farantin, ta gyara tabarau, ta sake dubawa, sai fuskarta ta washe. "Alhamdu lillahi. Shi ne. Ka ci abinci yau? Taso mu shiga."

Ɗakin bai canza sosai ba. An sake fenti, an sa fanka, gado biyu ne yanzu maimakon ɗaya. Tana ciro robar ɗaure damtse ya ji bakinsa ya buɗe da kansa.

"Bari in kama ruwa."

"Ga banɗaki nan bayanka," ta ce ba tare da ta ɗago ba.

Banɗakin a cikin ɗakin yake, ƙofa ɗaya, sai 'yar taga mai ƙarafa can sama. Mai Gatari, dattijo mai furfura da jika, ya tsaya yana auna tagar da ido, ko kafaɗarsa za ta wuce. Ba za ta wuce ba. Ta bango yana jin kukan jikarsa da muryar Uwata tana jijjiga ta. Ya lissafa: in Dogo ya tafi, yarinyar nan za ta tashi ba uba, wata rana ta tambayi abin da ya faru, kuma shi za a tura ta wurinsa. Ba shi da ƙarfin ƙirƙiro wata ƙaryar ya rene ta. Ba jarumta ce ta fito da shi ba, gajiya ce.

Ya kwanta. Malama ta ɗaure damtsen, ta kai hannu za ta juya masa fuska. Ya riƙe hannun.

"'Yata, alfarma ɗaya. Kar ki juya ni. Kar ki lallashe ni. Ki nuna mini abin."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Mutane ba sa son gani, Baba."

"Ni mahauci ne. Wanda aka ɓoye wa ƙarfe, na san inda za shi."

Ba ta gane ba, amma ta ɗaga allurar a gaban idonsa. Kauri gare ta, ba ƙarya. Ta ce, "Ga ta. Nan zan sa. Zai yi zafi kaɗan." Ya zuba ido har ta shige. Zafin bai kai na ƙayar kifi ba.

Jinin ya bi siririn bututu ya gangara cikin leda a kan wani ɗan sikeli mai lilo. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ta koma tebur tana rubutu. Ɗakin ya yi tsit, sai fanka. Gadon da ke gefensa babu kowa, zanen a shimfiɗe ba ko lanƙwasa, amma bai yarda ya kalle shi ba, domin ya san matarsa tana nan. Ya ji ta a gefen fuskarsa yadda ake jin zafin murhu ba a duba ba. Kuma abin da bai taɓa tunawa ba sai yau: yarinya ce. Shekararta ashirin da biyu. Shi ya tsufa ya bar ta a nan, har 'yar da ta haifa ta girme ta. Duk shekarun nan a kwance take, fuska wajen ƙofa.

Ya mayar da ido kan ledar, aikinsa ya motsa, ya fara awo. Ya san abin da sa ke zubarwa, ya san na rago, ya san na ɗan akuya. Yana jira a canza leda, a kawo babba, ya fara jin sanyin nan da ke hawa ƙafafun dabba. Sai sikelin ya yi ƙara, Malama ta taso ta matse bututun, ta zare allurar, ta ɗora auduga.

"Danne nan. An gama."

"An gama me?"

"An gama ɗiba. Ka kwanta minti goma, kar ka tashi."

Ya kalli ledar a hannunta. Ba ta cika moɗa ba. Ko ɗan akuya ya fi haka. Ya kalli agogon bango, bai fi minti goma da kwantawarsa ba. A bayan rumfar mai faci kuwa awa biyar ya yi. Da a ce abin ya yi zafi, da a ce ya suma ko ya kusa mutuwa, da ya samu ɗan abin riƙewa. Sai ga shi ba komai ba ne, kuma wannan ya fi ƙarfinsa. Hawaye ya bi ta gefen idonsa ya shiga kunne.

Uwata ta shigo da lemon kwalba. Ta durƙusa a gefen gadon, ta ga hawayen, ita ma nata ya zubo. "Baba, Allah ya saka maka. Na san abin da shigowa nan ya tuna maka." Ta juya wajen Malama da ke liƙa takarda a jikin ledar. "Ikon Allah. Ga shi ya yi wa mijina, amma bai yi wa Innata ba."

"Wannan?" Malama ta ɗaga ledar tana murmushi, ita a zatonta albishir take yi. "Ai irin wannan muke nema ido rufe. Shi ba ya karɓar na kowa, amma kowa na karɓarsa. Mace na zubar da jini ba mu san irin nata ba, shi muke fara ɗaukowa. Ki lallaɓa mana Baba ya riƙa zuwa." Ta fice da sauri za ta kai a tantance.

Ƙofar ta rufe. Kwalbar na hannun Uwata, ba ta buɗe ba. Yarinya ce mai kai, tun tana ƙarama ba a maimaita mata magana. Yana kallo abin ya shiga fuskarta a hankali, ya zauna.

"Baba."

"Na'am, Uwata."

"Kuskure suka yi a lokacin?"

Ga ƙofa ta buɗe masa da hannunta, har da roƙo a idonta ya bi ta nan. Kalma ɗaya ce, kuma babu mai rai da zai ƙaryata shi.

"Ba su yi kuskure ba," ya ce. "Ba a gwada ba. Na ga allura na gudu."

Hannunsa ya saki audugar bai sani ba, jini ya biyo gwiwar hannun ya ɗiga a zanen gado. Ta ajiye kwalbar, ta ɗauki audugar ta danne wurin da babban yatsa, da ƙarfi, idonta a kan bango. Sun daɗe a haka, goyon na barci a bayanta. Sannan ta kamo ɗaya hannun nasa ta ɗora a kai.

"Riƙe da kanka," ta ce. Ta gyara ɗaurin goyonta, ta fita wajen mijinta.