Taku Ɗari Biyu na Tela

Da aka sallami Tela daga asibiti bayan aikin gwiwa, likita ya kafa masa doka: ranar farko taku ashirin, kullum ya ƙara shida, kada ya kuskura ya zarce. Shi kuwa abu ɗaya ne a ransa. Rana ta talatin za a ba 'yarsa Auta takardar kammala karatu, kuma ya ce da ƙafarsa zai shiga zauren, ba a keken guragu ba.

Matarsa ta je makarantar ta auno masa. Daga inda mota ke tsayawa zuwa kujerun iyaye, taku ɗari biyu.

Tela ya ɗauko allin yankan yadi ya duƙufa kan tebur. "Shida sau talatin, ɗari da tamanin. A zuba ashirin, ɗari biyu cif. Kamar an gwada ni aka ɗinka."

Ta leƙo ta kafaɗarsa tana goge hannu da zani. "Maigida, riga mai maɓalli biyar, tazara nawa kake aunawa?"

"Huɗu mana. Yau ke za ki koya mini ɗinki?"

"To ranar farko me ka ƙara?"

Ya sake duban lissafin. Can ya sa yatsa ya goge talatin, ya rubuta ashirin da tara. Ɗari da casa'in da huɗu. Taku shida ne suka rage masa.

"Sai in riƙa satar ɗaya-ɗaya."

"Ka sata, in kai ƙararka wurin likita."

Haka ya yi ta safa da marwa tsakanin ɗaki da tsakar gida, tana zaune tana tsintar shinkafa tana ƙirga masa. In adadin ranar ya cika, ta buga cokali a kwano, ya zauna yana ƙunƙuni.

Ranar taron, Auta ta biyo shi da keken a baya, ko da za a buƙata. Ya dogara sanda ya tafi a hankali, leɓensa na motsi. A taku na ɗari da saba'in da ɗaya gwiwarsa ta taɓa kujera.

Ya juyo ya dubi matarsa daga sama har ƙasa, ita da ko kafaɗarsa ba ta kai ba.

"Da waɗannan ƙafafun kika auna?"

"Da na wa zan auna? Zauna, kana tare wa mutane."

Ya zauna, ya ce wa Auta ta mayar da keken cikin mota.