Muryar Sama'ila a Bangon Shagona

Shagona na hatsi a Kongolam yana da bango ɗaya mai faɗi da ke kallon hanyar fita zuwa iyaka. Shi Khairunnisa ta zo nema, jikar Alhaji Maiturare, wadda aka kai Zariya ta koyo zane.

"Baba Kalilu, bangonka nake so."

"Ki ɗauka ki kai ina?"

"Kuka zan zana a jiki."

"Kukokin da Allah ya shuka a garin nan ba su ishe ki ba?"

Ta yi dariya, ta buɗe tafin hannunta. Wani ɗan ƙarfe ne bai kai yatsa ba, wai filash, irin wanda yara ke zuba waƙa da hoto a ciki. Ta ce a makaranta ta karanta yadda 'yan leƙen asiri ke aika wa juna saƙo ba tare da sun haɗu ba. Ɗaya zai ajiye a kogon itace, ya ja layin gawayi a wani wuri, ya wuce. Ɗayan in ya ga layin, ya san akwai ajiya. Ko an kama guda, bai san fuskar ɗan'uwansa ba.

Na ce mata wannan aikin munafukai ne da 'yan fasa-ƙwauri.

"Shi ya sa zan mayar da shi na kowa, Baba. Ka ga garin nan sabis ba ya tsayawa, waya ta yi ta tsalle tsakanin namu da na Nijar. Wannan ba ruwansa da sabis. Mai abu ya zuba, mai so ya kwasa. Ba a tambayar wa ya sa."

Don darajar kakanta na bari. Ta zana kuka babba, ta yi mata kogo baƙi a tsakiya, ta fafe bangon daidai kogon, ta cusa ƙarfen ta liƙe da siminti, bakinsa kawai ya leƙo. Kafin simintin ya bushe magana ta zaga gari cewa jikar Maiturare ta yi binne a bangon Kalilu. Sai da Liman ya zo da kansa, ta jona wayarta da 'yar igiya, karatun Alƙur'ani ya tashi daga ciki, sannan mutane suka sarara.

Daga nan bangona ya zama wurin tsayuwa. 'Yan acaɓa, 'yan makaranta, direbobin da ke jiran a buɗe musu hanya. Wa'azi ne, waƙar biki ce, damben Zango ne, har wani ya sa hoton jakinsa da ya ɓata. Duk wanda ya zuba sabo sai ya ja layin gawayi a gindin kukar. Khairunnisa kan zo ta share abin da bai dace ba, domin samarin yanzu ba su da ta ido, ta goge layukan ta tafi.

Wata rana ta jona wayar, na ga ta daɗe a tsaye. Ta shigo shago ba sallama.

"Baba, saurari wannan."

Iska ce da farko, irin ta fili wanda babu itace. Sai wani ya yi gyaran murya, ya sake yi, sannan ya ce, "Salamu alaikum mutan gida. Ni ne. Hanyar ce ta ɓace mini."

Mudun da ke hannuna ya faɗi. Sama'ila ne, ɗan yayana marigayi. Shekaru ke nan da ya kora awaki ya tsallaka kasuwar ƙetare, bai dawo ba. Mun nema har ƙafa ta gaji. Ba shi, ba awaki, ba wanda ya ce ya gan shi. An sha yi wa uwarsa Adama magana a yi masa sallar da ake wa mamacin da ba a ga gawarsa ba, a yi sadaka, a huta. Ta ƙi. Ta kulle ɗakinsa ta ɗaura makullin a bakin zaninta.

"Wa ya sa wannan?"

"Ba a sanin wanda ya sa, Baba. Haka aka gina abin." Ta sake duban wayar. "Amma ka sani yanzu akwai na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum. Ko kuma wani ne ke da tsohuwar muryarsa yake wasa."

"Goge shi."

Ta goge. Ashe tuni ya shiga wayoyin 'yan acaɓa, kuma abin da ya shiga wayar ɗan acaɓa ya shiga kowane gida.

Da la'asar sai ga Adama, wadda rabonta da kasuwa tun rasuwar yayana. Ta tsaya ta ƙare wa kukar kallo.

"Ƙanin miji, ashe kai ne ka zama mai gadin aljanu ba ka gaya mana ba."

"Yaya, koma gida. Wasan yara ne."

"Na ji wasan. Gyaran muryar ma wasa ne? Na ubansa ne, shi kaɗai ya gada." Ta gyara mayafi. "In Nagoggo ya sake magana, a kira ni."

Nagoggo take ce masa. Ɗan farinta ne, kuma Adama 'yar mutanen da ce. Tun da aka raɗa masa suna ba ta taɓa furta shi ba. Ana yaye shi goggonsa ta ɗauke, a can ya girma. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yabonsa, ba ta zama inda ake hirarsa. In ta yi masa fura sai ta ba wani ya miƙa masa, ta ce ragowa ce. Kowa ya san ba ragowa ba ce. Haka kunyar ɗan fari take, kuma ni ban ga aibinta ba har yau.

Na ƙudura sai na kama mai wannan aiki. Na sa Khairunnisa ta goge bangon tas, ta duba filash ɗin babu sabon abu, na fito da tabarma na zauna gabansa tun hantsi. Na hana kowa jonawa. 'Yan acaɓa na ta tsiya.

"Baba Kalilu, yau kai ne kwastan na bango?"

"Ku wuce, marasa aikin yi."

Rana ta take tsaka. Inuwar bangon ta shige ƙarƙashinsa, hanya ta yi tsit, ko akuya babu. Wata mata ta zo awon gero, na juya na cika mata mudu, na juyo. Layin gawayi na nan a gindin kukar, dogo, ɗanye, garinsa na zuba ƙasa a hankali. Na duba gabas, na duba yamma. Hanya fetal. Matar ma ta ce ba ta ga kowa ba, ta ɗauki geronta ta yi sauri.

Na aika aka kira Khairunnisa da Adama. Khairunnisa ta jona wayarta ta kwaso sabon abin da ke ciki, muka shiga shago muka saki labule.

Iskar nan ce dai. Muryar ta fi ta farko nisa.

"Ina jin kiran sallar Kongolam, amma ban ga garin ba. In na nufi inda yake fitowa sai ya koma bayana. Inna, ki kira ni. Ki kira ni da sunana na yanka. In na ji, zan bi muryarki."

Khairunnisa ta fashe da kuka. "Baba, a fasa bangon a cire shi. Ni ba haka na nufa ba, wallahi."

Adama ta ɗaga labule ta koma gida.

Na je na sami Liman. Ya ce shi dai abin da ya sani, ba a amsa wa muryar da ba a ga mai ita ba, balle wadda ta zo da tsakar rana. Na dawo na gaya wa Adama a tsakar gidanta, tana tsince wake.

"Ga maganar Liman. Ga kuma tawa. Yaron nan da tarbiyyarsa. Ya san ke ba ki kiran sunansa. Da shi ne, kunya ba za ta bar shi ya nemi wannan a wurinki ba. Wannan wani abu ne daban yake so ya ji sunan daga bakinki, Allah kaɗai ya san me zai yi da shi."

"Ka gama?"

"Na gama."

"Da yana lafiya ba zai nema ba, gaskiyarka." Ta jefar da wata tsakuwa daga cikin waken. "To ga shi ya nema. Kai ka auna inda yake."

"Yaya, shekara da shekaru kina riƙe da kunyarki, matan gari na misali da ke. Yau ki zubar a bakin hanya, kowane ɗan acaɓa ya kwasa a waya?"

"Su kwasa. Kunyar tawa ce, ba ta gadonku ba. In ta tare masa hanya, me zan yi da ita? In dafa?"

Washegari ta zo. Ta ce in fita daga shagona, na fita. Ta ce Khairunnisa ta danna ɗaukar murya a wayar ta ajiye kan buhu ta juya mata baya. Labule ne kawai tsakanina da su. Na ji ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Ta yi salati. Ta yi shiru, har na ɗauka ta fasa, na fara gode wa Allah.

"Sama'ila."

Sunan ya fito mata a karkace, kamar kalmar wani yare da ba ta iya ba. Ban taɓa jin abin da ya tayar mini da tsikar jiki irin wannan ba, ni da na wanke gawa ba adadi.

"Ga gida nan. Taho."

Khairunnisa ta zuba muryar a bango. Adama da kanta ta tsinci gawayi a murhun mai shayi, ta ja layi a gindin kukar.

Ta koma gida ta kwance makullin. Ta buɗe ɗakin, ta share, ta shanya tabarma, ta kunna turare. Kullum da yamma sai ta ƙara hannu a tuwo, ta rufe kwano guda ta ajiye. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai ta ɗaga kai. Ni kuwa na daina zaman gadi, amma idona bai bar bangon ba. Samarin ma sun ja baya da shi. Mai wucewa sai ya tsallaka ɗaya gefen hanya.

Ran nan na idar da azahar na fito, na ga sabon layi kusa da na Adama, har ya jingina da shi.

Muka sake taruwa bayan labule, mu uku. Khairunnisa ta kasa dannawa, sai da Adama ta ce, "Danna mana, 'yar nan, ba ke kika gina ba?"

Muryar Adama ce ta fara fitowa, tana kiran sunan, amma a cikin iskar nan, kamar a can aka yi kiran. Daga nesa ƙwarai aka ce, "Na'am." Sai takun ƙafa a kan rairayi, yana matsowa. Iskar ta ɗauke ɗif.

"Na'am, Inna."

Kusa, kamar yana zaune kan buhun da ke gefena. Har na waiwaya.

"Na ji. Na gane wurin yanzu. Alhamdu lillahi."

Ya sauke numfashi irin na wanda ya ajiye kaya mai nauyi. Sai muka ji ƙasa na zuba. Ba yayyafi ba, ba taku ba. Ƙasa ce ake turawa da hannu tana sauka kan itace, tim, tim, sautin na ƙara toshewa, kamar mu ne a ƙarƙashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kabari ya san wannan sauti. Ya yi ta yi har ya zama ba a jin komai.

Khairunnisa ta toshe bakinta da mayafi. Adama ta zauna tana kallon wayar, fuskarta a bushe.

"Kalilu."

"Na'am, Yaya."

"Je ka gaya wa Liman a yi masa salla."

"Yaya, ba mu ga gawa ba. Yarinyar nan ta ce akwai na'ura mai kwaikwayo. Ƙila wani ɗan iska ne. Mu ƙara jira."

Ni da na yi shekaru ina roƙonta ta yarda, yau ni ne ke cewa a jira.

"Na kira shi, ya amsa," in ji ta. "Yaron da ko aike na ba wani ya kai masa, kafin a rufe baki ya iso. Ya amsa mini da bakinsa, kuma bai shigo ba. To ya kwanta ke nan."

Ta miƙe, ta dafa buhu saboda gwiwa. Sai a lokacin na ga hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba, ba ta kuma ɓoye ba.

"Auna mini gero, na gumbar sadaka. Mai kyau, ba irin wanda kake sayar wa baƙi ba."

Na buɗe sabon buhu na auna mata. Ta ɗora a ka, ta ɗaga labule ta fita, ni kuma na sa takalmi na nufi gidan Liman.