Tauraruwar da Baba Ya Wanke

Su biyu ne a gidan, Auta da babanta. Yayyenta maza sun tafi aiki a wasu garuruwa, mahaifiyarta kuma ta rasu shekara biyu da suka wuce. Abinci bai yanke musu ba, sutura ma haka. Abin da suka rasa shi ne hira. Marigayiyar ce mai ɗaukar maganar wannan ta kai wa wancan. Da ta tafi, sai zancen gidan ya koma "kin ci?" da "na ci."

Baba ya yi shekara ashirin da shida a masana'antar ƙanƙara da ke bayan kasuwa. Sanyi ya tsattsaga masa hannuwa, har ba ya jin zafin kofin shayi. Abin alfaharinsa ɗaya ne: ƙanƙararsa garau take, ana iya karanta jarida ta cikinta, ko da yake shi bai iya karatu ba.

Auta tana da shekara goma sha uku lokacin da malamar kimiyya ta zaɓe ta zuwa gasar makarantu. Na ɗaya da na biyu ne kaɗai za a ba gurbi a makarantar kimiyya ta kwana, kuma babu abin da Auta take so kamar wannan gurbin. Aikinta a kan tauraruwa mai wutsiya ne. Ta karanta cewa dunƙulen ƙanƙara ce da baƙar ƙura, tana kewaya rana. To, me zai sa kumbon sama jannati mai tafiya mai nisa ya ɗauki dukan mansa tun daga ƙasa? Ya sauka a kanta, ya narkar da ƙanƙarar, ya raba ruwan da lantarki zuwa iska biyu, ɗaya ta shaƙa, ɗaya ta ƙonawa. Gidan mai ke nan a bakin hanya.

Ta kwaɓa ruwa da garin gawayi da yashi da gishiri, ta ɗura a balan-balan. Gawayin don ya ja zafin fitila, gishirin don wutar batir ta iya ratsa ruwan. Ana saura kwana uku ta miƙa wa Baba a leda.

"Baba, a sa mini a injinku. Ta makaranta ce."

"Mece ce?"

"Aiki ne kawai."

Bai ƙara tambaya ba, ita ma ba ta ƙara bayani ba. A ranta ta ce, ina Baba ina zancen taurari.

Ranar gasa ya ɗauki hutu, ya sa rigarsa ta fita, ya rungumo kular ƙanƙara ɗaure da igiya. Direban masana'antar ne ya rage musu hanya.

"Farfesa," in ji direban yana tsokanar Auta, "in kin isa saman, ki turo mana sanyi. Mun gaji da injin nan mai tari."

"Kai dai kalli titi," in ji Baba. Ya juya ga Auta. "Kada ki buɗe sai lokaci ya yi. Iska ce ke cinye ta."

Zauren cike yake da dogayen tebura da ƙarar fanka. Minti biyar ake ba kowa. Auta ta jera kayanta: fitila mai zafi a matsayin rana, mazurari a kan kofin gilashi, batir, da fensira biyu da aka fiƙe ta kowane gefe. Alƙalai uku suka tsaya a gabanta, babbarsu wata dattijuwa mai tabarau ta danna agogo. Auta ta yi bayaninta ba gargada. Sannan ta kwance igiya, ta ɗaga buhu, ta share garin katako.

Ƙwallon da ta tarar ba nata ba ne. An sassaƙa shi sumul, babu ɗigon baƙi, babu ko kumfa a ciki. Hasken fitila ya shige ta wannan gefe ya fita ta wancan.

Ta ɗago kai. Baba yana tsaye a bayan iyaye, yana murmushin da ta daɗe ba ta gani ba.

"Kin ce baƙa ce," in ji mai tabarau a hankali.

"Baƙa ce, Malama. Wannan... an canza."

Ta ɗora shi a mazurari, ta matso da fitila. Minti guda ya wuce, ɗigo uku ne a kofin. Wani yaro a teburin kusa ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Murmushin Baba ya ɗauke. Ya ratso mutane, bai nemi izinin kowa ba, ya ɗauki ƙwallon ya matse shi tsakanin tafukansa, yana murzawa a saman kofin. Ruwa ya fara zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Baba, a can sama wa zai riƙe mata?" in ji ɗaya daga cikin alƙalan, ba da mugunta ba.

"Ni dai a nan nake," in ji Baba.

Kofin ya kai rabi. Auta ta tsoma fensiran, ta haɗa waya da batir, ta sunkuya tana jiran kumfa ta taso a bakinsu. Babu abin da ya motsa. Ruwan ya cika tsabta, babu gishirin da zai ɗauki wuta. Agogo ya yi ƙara.

"Tunaninki mai kyau ne, 'yata," in ji mai tabarau. "Amma abin da muka gani muke rubutawa."

Ta huɗu ta zo.

A motar haya, kular tana kan cinyarta, ruwa yana kaɗawa a ciki. Baba ya cusa hannuwansa tsakanin gwiwoyi. Sun wuce asibiti, sun wuce gadar sama, kafin ya yi magana, idonsa a kan bayan kujerar gaba.

"Na buɗe ledar na ga datti. Na ce ko ruwan kwata ne ya shiga. Ban so a ce 'yar mai ƙanƙara ta kawo ƙazanta gaban mutane." Ya gyara zama. "Sau biyu na tafasa ruwan, na tace. Kwana biyu tana daskarewa, a hankali, don kada ta yi kumfa."

"Dattin ne aikin, Baba. Baƙin ne ke jan zafi."

"Wannan ai na sani tun ba a haife ki ba. Ƙanƙarar da ta faɗi a ƙasa ita ke fara tafiya. In an sa mata gishiri kuma, ko sallama ba ta yi." Ya juyo ya dube ta. "To su na saman, wa ya zuba musu datti?"

Ta buɗe baki za ta ce dogon zance ne, sai ta ga jira yake yi da gaske. Ta fara daga farko: yadda tauraruwar ke zuwa daga wuri mai tsananin sanyi, yadda rana ke fitar mata da wutsiya, yadda kumbo zai sauka ya sha. Yana ji yana gyaɗa kai, ya tsayar da ita sau biyu, ya tambayi girmanta da kuma abin da za a yanka ta da shi. Har suka wuce inda za su sauka, kwandasta ya ce, "Baba, ko gida zan kai ku?"

Suka sauko suka komo a ƙafa, shi yana riƙe da kular, ita tana ci gaba da bayani. Gurbin ya tafi, ta san ba zai dawo ba. Ta kuma gane cewa da ta gaya masa tun ranar da ta miƙa masa ledar, da ya saurara.